Tashar da Ta Riƙe Mahaifiyata

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. An haife ni a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, a wata 'yar tasha da ke gabas da Kano, kan layin da ya nufi Nguru. Mahaifinmu shi ne mai juya layi. Idan jirgi ya doso, shi zai je ya ja wani dogon ƙarfe ya karkatar da shi kan hanyar da ake so ya bi. Tashar ba ta da wani girma. Ofis ne mai ɗaki biyu da tagar sayar da tikiti, da rumfar kwano ta masu jira, da sikelin auna kaya, sai dogon tankin ruwa da aka kafa tun zamanin da jirgi ke cin gawayi. Ƙararrawarta guntun ƙarfen layi ne da aka rataye a jikin darbejiya. Tsofaffi sun ce saboda gyaɗa aka gina ta, daga baya gari ya taru a gefenta.

Lokacin da na yi wayo gyaɗa ta ja baya, mutane jirgin ya fi ɗauka. Na safe yakan kwashi magina da 'yan ƙwadago da masu kai barkono da busasshen kifi kasuwannin birni, na yamma kuma ya dawo da su. A tagar tikitin nan ake karɓar wasiƙa da saƙon kaya. Ko mara lafiya za a kai asibiti, jirgi ake jira. Kowa a garin da kukan jirgi yake gane lokaci.

Ina da shekara bakwai ƙanin mahaifina ya zo ya tafi da ni gidansa a unguwar Gama da ke Kano, don in yi makaranta. A jirgin safe muka tafi. Mahaifina ya raka mu har bakin tarago, mahaifiyata kuwa ba ta fito ba. Ban yi mamaki ba, domin haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "na Kano". Idan na zo hutu na durƙusa na gaishe ta, takan amsa tana kallon murhu.

Mata uku aka haifa bayana, duk suka yi aure a garuruwa daban-daban. Ina gab da gama sakandare aka haifi namiji, shi ne autanmu, kuma Auta muke ce masa har yau da ya yi furfura. A kansa na fara ganin ashe mahaifiyata tana da surutu. Takan kira shi sau goma kafin azahar, ta yi masa faɗa, ta yi masa waƙa, ta ajiye masa ƙanzo. Bai yi nisa a karatu ba. Da mahaifinmu ya rasu sai aka ɗauke shi aiki a tashar, ya fara da shara da buga ƙararrawa, har ya kai ga zama a tagar tikiti. Ya yi aure, ya ci gaba da zama a gidan da aka haife mu, tare da mahaifiyarmu.

Ni kuwa na shiga aikin gwamnati, Allah ya buɗa mini, na kai ta Makka, daga nan na koma ce mata Hajiya. Auta bai canza ba, Inna yake ce mata. Da na sami gida a unguwar Nassarawa, nan cikin Kano, a wani layi mai manyan itatuwa da ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙarar buɗe get, abin da na fara yi shi ne gina mata sashenta: ɗaki da falo da banɗaki, da ɗan fili a baya saboda na san ba ta rabuwa da awaki. Na sa aka yi mata ƙofa daban, don kada ta ji nauyin ratsa falona.

Ranar wata Asabar na tafi in sanar da ita. Na ajiye mota bayan ofishin tasha na ƙarasa da ƙafa. Tun daga zaure na jiyo dariyarta. Na tsaya ban yi sallama ba. Ta kan katangar na hango ta a zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, Auta yana yanke mata farce, yana kwaikwayon yadda wani Bafulatani ya nace sai an ba tunkiyarsa kujera tunda an sa ya saya mata tikiti. Tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya bari, cikinta zai ƙulle. Na daɗe a tsaye. Shekaruna sun haura arba'in a lokacin, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, amma abin da na ji a ƙirjina na yaro ne da aka raba alewa aka tsallake shi.

Da na yi sallama sai ta janye ƙafarta, ta jawo mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurara har na gama tana kallon ƙasa, sannan ta juya wajen Auta.

"Ka ce masa an gode, Allah ya yi albarka. Amma ni nan na saba."

"Hajiya, rufin nan yoyo yake yi," na ce. "Ga ƙafarki, ga asibiti da nisa."

"Jirgi yana zuwa ai," ta ce wa Auta.

Auta ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In damina ta wuce ma ƙara yi mata magana."

Wannan "ma ƙara yi mata magana" ya tsaya mini a rai. Wato sai ta hannunsa zan sami uwata.

Haka muka yi shekaru. Duk wata takan zo ganin likita saboda ciwon ƙafa. Ta hau jirgin safe, direbana ya ɗauko ta daga babbar tashar Kano ya kai ta asibiti, sannan ya kawo ta gida. Ta kawo wa yara kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli. Ta yi azahar a sashen da na gina mata, ta ɗan kishingiɗa a kan darduma, gadon ko taɓa shi ba ta yi. Ana kiran la'asar za ta fara tambayar matata ƙarfe nawa.

"Ki kwana mana, Hajiya," matata takan ce. "Gobe direba ya kai ki har ƙofar gida."

"A'a, 'yar nan. Auta yana can yana duba taragai. In bai gan ni ba hankalinsa tashi zai yi."

Ina zaune a wurin nake jin haka. Babu wanda ya taɓa tambaya ko ni nawa hankalin yana tashi.

Sannu a hankali jirgi ya fara rauni. Aka daina na kullum, ya koma sau biyu a mako, yau ya zo gobe a ce kansa ya lalace a hanya. Mutane suka koma motocin haya. Wata rana aka wayi gari ya tsaya gaba ɗaya, ba a san ranar dawowarsa ba. Ciyawa ta rufe layi, masu ƙosai suka watse, aka janye shugaban tashar zuwa wani wuri, aka bar Auta yana gadin ofis da babu mai zuwa. Kowa a garin yana juyayi. Ni da na ji labarin, Allah ya gani, daɗi na ji.

Akwai wani abokina da ke da rumbunan ajiye kaya a Legas, yana neman amintaccen mutum da zai riƙe masa makullai. Na ce ina da shi. Na kira Auta na shimfiɗa masa magana irin ta babban wa: yana da iyali, ƙuruciyarsa tana wucewa, ba zai zauna yana gadin ƙarfe mai tsatsa ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Sai ya ce, "To Inna fa?"

"Hajiya tana da wani ɗan ai," na ce.

Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, ya ce to. Ya nemi izinin hutu daga wurin aikinsa, ya kai matarsa da 'ya'yansa gidan iyayenta kafin ya sami wuri, ya tafi. Ni kuma na aika mota biyu, ɗaya ta ɗauko Hajiya, ɗaya ta ɗauko awakinta uku da akwatinta na ƙarfe.

Ranar da ta iso na kasa zama a ofis, na dawo gida tun kafin a tashi. Bayan mun ci abinci matata ta dube ni ta ce, "Alhaji, wannan aikin da ka sama wa Auta, shi ka sama wa ko kanka?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Allah ya sa alheri," ta kwashe kwanuka ta fita.

Shekara biyu Hajiya ta yi a gidana. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Kowace safiya kafin in fita nakan shiga in gaishe ta, ta amsa, ta sa mini albarka, shi ke nan. Nakan ɗan ƙara zama ko za ta ce wani abu. In kawo zancen ƙafarta, ta ce da sauƙi. In kawo zancen awaki, ta ce suna nan. Har in ga na takura ta, in tashi. Da matata tana hira, da yara tana wasa, har da mai ba fulawoyinmu ruwa, wani dattijo ɗan ƙauyen da ke gaba da tasharmu, takan zauna a bakin ƙofa su yi ta lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Ni kaɗai ne in na shigo sai a gyara zama.

Na saya mata waya don 'yan'uwa su riƙa jin ta. Kullum bayan la'asar Auta zai kira. Nakan dawo daga aiki daidai lokacin, kuma tagarta tana kallon inda nake ajiye mota. Sai in ji muryar nan da na ji a zaure: tana tambayarsa me ya ci, tana yi masa faɗan ya daina wanka da ruwan sanyi, tana dariya. Sau da yawa nakan zauna a cikin mota na kashe inji, ina sauraron rabin hira. Na kai shi Legas, amma ga shi nan a cikin gidana kowace yamma, kuma da hannuna na sayo wayar.

Dattijon nan mai fulawa shi ya kawo labari. Ya dawo daga ganin gida ya ce ya ga ma'aikata suna sare ciyawar layi suna canza katakai, an ce jirgi zai dawo. Na ce masa an sha faɗar haka. Bayan wata biyu sai ga Auta a ƙofar gidana da jakarsa. An kira tsofaffin ma'aikata, ya mayar wa abokina makullansa ya taho. Ya rame, ya yi baƙi.

"Yaya, na gode da abin da ka yi mini," ya ce. "Amma ni can ba wurina ba ne. An ce ni zan riƙe tashar yanzu."

Na ce masa jirgin da zai riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ba abin da mutum zai ajiye aiki dominsa ba ne. Ya ce ya sani. Ya kwana biyu ya wuce don ya gyara gidan ya dawo da iyalinsa.

Ba a yi mako uku ba matata ta ce mini Hajiya ta sa an wanke mata akwati. Na shiga sashenta da hantsi ranar Lahadi, na tarar tana ninke zannuwa. Na gaishe ta na zauna a ƙasa, ban tashi ba. A rayuwata ban taɓa yi mata tambayar da ta wuce ta lafiya ba. Ranar na yi.

"Hajiya, me na rage ki da shi a gidan nan?"

Ta ci gaba da ninki. Babu Auta da za ta bi ta kansa, babu kowa. Can ta ce, tana kallon akwatin, "Ba ka rage ni da komai ba."

"To me ya sa?"

"Kai tun kana ƙarami aka karɓe ka. Na yi kukana a ɗaki, na haƙura, na saba. Ka zama na mutane, kuma Allah ya yi maka rufin asiri. Shi kuwa shi aka bar mini."

Na ce ba ni na zaɓi a tafi da ni ba.

"Ni ma ba ni na zaɓa ba," ta ce. Ta ɗora zane a kan zane. "Aikin da ka tura shi, na san dalili. Ban ce komai ba, don kai ma kana da hakki a kaina. Na zo na zauna. Yanzu ka bar ni in koma."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na so ta yi mini faɗa irin wanda take yi wa Auta, ta ɗaga murya, ta kira ni mara kirki. Ba ta yi ba. Ta ce Allah ya yi mini albarka, kamar kullum.

Ta ce a jirgi za ta koma, ba a mota ba. Na ce to ni zan raka ta. Aka tura awaki da akwati a mota, mu kuma muka je babbar tasha ranar da jirgin zai tashi. Rabona da shiga jirgi ya fi shekara talatin. Taragon ya cika da mata masu buhunan kaya da ɗalibai da 'yan kasuwa. Wani ya tashi ya ba ta wuri a bakin taga, na zauna kusa da ita, kafaɗata tana taɓa tata saboda matsi. Ban tuna ranar da na taɓa zama kusa da ita haka ba. Muka ratsa bayan unguwanni, gidaje sun matso har bakin layi, sannan gonaki suka buɗe. Da muka wuce wata tsohuwar gada ta nuna ta da haɓa ta ce, "Nan babanku ya taɓa kwana uku ana gyara." Na riƙe wannan maganar kamar an ba ni kyauta.

Jirgi ya rage gudu. Na hango tankin ruwa, na hango darbejiya, na hango Auta a tsaye cikin kakinsa da aka goge, riƙe da tuta. Tun jirgin bai gama tsayawa ba ta miƙe. Ni na riƙe hannunta ta sauka matakala, amma ƙafarta na taɓa ƙasa ta saki nawa ta kama nasa.

"Dubi wuyanka," ta ce masa. "Ba sa ba ka abinci ne?"

Suka yi gaba tana yi masa faɗa, matan gari suna ta yi mata barka da zuwa. Na biyo su a baya da jakar magungunanta.

Da yamma, kafin direba ya juya da ni, muka zauna da Auta a rumfar masu jira. Tashar ba kowa. Ya nuna mini inda ya toshe rufin ofis, da sabon littafin tikiti, da sikelin da ya wanke da kananzir har ya koma aiki. Yana magana yana murna kamar an ba shi sarauta. Na ce masa ya yafe mini zancen Legas.

"Haba Yaya, ai na ga duniya," ya ce yana dariya. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ƙara da cewa, "Ka san kuwa in ba ka nan ba ta da zance sai naka? Na Kano ya yi kaza, na Kano ya ce kaza. Har haushi nake ji."

Na so in yarda. Amma na san Auta, mutum ne da ba ya son ya ga ran wani ya ɓaci, zai iya ƙirƙiro magana don ya sanyaya maka zuciya.

Hajiya ta ƙara shekara huɗu a gidan tashar. Na sa an canza rufin, nakan je duk bayan mako biyu, in gaishe ta, ta amsa, in zauna in saurari hirarsu daga gefe. Na daina tsayawa a zaure, na koyi shiga kai tsaye, kuma wani lokaci ba ta janye ƙafarta. Jirgin kuwa ya ci gaba da halinsa, ya yi watanni yana zuwa, ya ɗauke, ya dawo.

Da damina Hajiya ta rasu, da hantsi, ina cikin taro a ofis. Auta ya kira ni sau uku ban ɗauka ba, sai a na huɗu na fito. Kafin in isa an yi mata wanka. A kan cinyarsa ta cika, matarsa tana ba ta ruwa da cokali.

Bayan an yi sadakar uku mutane sun ragu, na same shi shi kaɗai a ofishin tasha riƙe da tsumma yana goge teburin da ba shi da datti. Na tambaye shi abin da ta ce a ƙarshe. Ya ce ta yi salati, kafin nan kuma ta ce a kwance akuyar da ke ɗaure a rana.

"Ta ambace ni?" na ce.

Ya ɗan tsaya da tsumman a hannunsa kafin ya amsa. "Ta ambace ka, Yaya. Ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira."

Na ce na gode. Muka fito tare ya kulle ofis. Yanzu shekara uku ke nan, muna zumunci fiye da da, 'ya'yansa suna zuwa hutu gidana, ni ma nakan je mu zauna a rumfar nan. Sau da yawa nakan yi niyyar sake tambayarsa, in ce ya dubi Allah ya gaya mini dalilin da ya sa ya ɗan tsaya kafin ya amsa. Har yau ban tambaya ba.